Jagorar Haɗa Liƙa Takarda da Zanen Hannu a Aiki Guda

A watan Satumba na shekarar 1912, mai zanen nan ɗan ƙasar Faransa, Georges Braque, ya shiga wani kanti a birnin Avignon ya sayi takardar ƙawata bango wadda aka buga mata zane irin na jikin katako. Da ya koma masaukinsa a garin Sorgues sai ya yanko guntaye daga cikinta ya liƙa su a kan farar takarda, sannan ya ɗauki gawayi ya zana kwanon 'ya'yan itace da kofin gilashi a kansu da kewayensu. Guntun da ke ƙasa ya zana masa 'yar da'ira a tsakiya, nan take ya koma aljihun tebur mai mariƙi, na saman kuwa suka tsaya a matsayin bangon ɗakin. Daga naɗi ɗaya aka yanko su duka, amma layin gawayi ne ya raba wa kowanne aikinsa. A farkon wannan shekarar abokinsa Pablo Picasso ya riga ya liƙa wata ledar tebur mai zanen saƙar kujera a cikin wani zanen fenti, kuma daga hannun mutanen nan biyu fasahar da ake kira kolaj ta shiga cikin zanen zamani.

Wannan jagora ta bi hanyar Braque ne, wato takardu kaɗan da layin hannu mai yawa, domin ita ce ta fi koya wa mai farawa abin da ya fi wuya a wannan fasaha. Liƙa takarda ba wuya, yaro ɗan firamare ma yana yi. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sa takardar da aka liƙa da layin da aka zana su buƙaci juna, ta yadda in aka cire ɗaya, ɗayan ba zai iya tsayawa ba. Misalin da za mu bi daga farko zuwa ƙarshe shi ne butar shayi da kofi a kan tebur, saboda kowa yana da su a gida, kuma wanda ba ya son zana abu mai rai zai iya yin aikin hankalinsa kwance.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne takardar da za ta ɗauki aikin gaba ɗaya. A nemi takardar zane mai kauri, wadda nauyinta ya kai giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, domin siririyar takarda irin ta fotokwafi, mai giram 80, tana yamutsewa da zarar ta ji danshin gam. Girman A3 ya isa, wato santimita 29.7 da 42. Idan ba a samu mai kaurin ba, a liƙa takardar zane ta yau da kullum a kan kwali mai ƙarfi, sannan a liƙa wata irinta a bayan kwalin, saboda kwalin da aka liƙa wa takarda a fuska ɗaya kawai yana kantarewa idan ya bushe.

Sai almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai takarda, da wuƙar yanka takarda ko sabuwar reza, da rula ta ƙarfe, da kwalin da za a riƙa ɗora takarda a kai lokacin yanka. A tanadi buroshi mai faɗi na shafa gam, da tsumma mai tsabta, da tsofaffin takardun da za a shafa gam a kansu, da farar leda, da littattafai masu nauyi na dannewa. Na zane kuma a samu gawayi, da fensir mai laushi kamar 4B ko 6B, da fensir mai tauri kamar 2H, da kilina, da baƙar tawada. Gawayin zane da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta ya fi sauƙin sarrafawa, amma siririn gawayin itace mai laushi daga murhu yana aiki, muddin an gwada shi an ga ba ya karce takarda.

Zaɓen takardun da za a liƙa

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne tara takardu masu kyau da yawa, kowace tana neman a kalle ta. A aikin farko iri uku sun wadatar: ɗaya mai duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya kuma mai rubutu ko zane a jikinta. Takardar buhun siminti ko tsohuwar ambulan ruwan ƙasa ta dace da matsayin tsaka-tsakin, kuma tana karɓar gawayi da kyau ƙwarai. Mai duhun za a iya yin ta da hannu, a shafe farar takarda da tawada ko baƙin fenti a bar ta ta bushe. Mai rubutun kuwa tana iya zama shafin jarida, ko rasit, ko tikitin mota, ko kwalin ganyen shayi. Kurt Schwitters na birnin Hanover a Jamus, wanda ya fara irin wannan aiki a wajajen 1919, tikitin tarago da guntayen takardun da aka yar a titi ya riƙa tsinta yana gina ayyukansa da su, don haka tsufa ko dattin takarda ba aibi ba ne idan launinta ya yi daidai.

Kafin a sa almakashi a jikin kowace takarda, a karanta abin da ke rubuce a fuskokinta biyu. Dalili na farko ya shafi mu kai tsaye: jaridunmu da kalandu da takardun gayyata sukan ɗauki ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah, kuma irin waɗannan ba a yanka su, ba a shafa musu gam, sai a ware su gefe. Dalili na biyu shi ne mai kallo zai karanta duk kalmar da ya gani, ko an yi nufin haka ko ba a yi ba. Picasso ya san wannan, domin wasu guntayen jaridar da ya liƙa a ƙarshen 1912 rahotanni ne na yaƙin Balkan da ake gwabzawa a lokacin, sai ga labarin yaƙi zaune a kan teburin da ya zana. Idan ana son rubutun ya zama launi kawai ba saƙo ba, a juya shi ƙasa-sama ko a kwantar da shi a karkace. Haka kuma kada a yi amfani da hoton wani mutum ko takardar da ke ɗauke da sunansa da lambar wayarsa ba tare da izininsa ba.

Kowace takarda da halinta. Ta jarida tana da sinadarin itace da ke sa ta yi rawaya ta kuma gautsi idan ta daɗe a haske, shi ya sa jaridun da ke cikin ayyukan Picasso suka koma ruwan ƙasa a yau, alhali ba haka suke ba sa'ad da ya liƙa su. Wanda zai yi amfani da jarida ya ƙaddara cewa za ta yi duhu nan gaba, ya zaɓa mata wurin da duhun ba zai ɓata tsarin ba. Rasit ɗin da injin POS ke fitarwa ya fi wannan rauni, rubutunsa yana gogewa da zafi da haske, gara a yi masa fotokwafi a liƙa kwafin. Takardar mujalla mai sheƙi kuma ba ta karɓar fensir ko gawayi, sai an ɗan goge fuskarta da sanfefa mai laushi.

Gam

Gam iri biyu ne suka dace. Farin gam na kafintoci, wanda aka ɗan sirka da ruwa, yana kamawa da sauri da ƙarfi, kuma shi ya fi dacewa da kwali da ƙyalle. Aibinsa shi ne duk inda ya ɓata fuskar takarda zai bar sheƙi idan ya bushe, gawayi kuma ba ya hawa wurin, sannan abin da ya kama ba ya ɓantaruwa sai da yagewa. Gam ɗin sitaci, wanda masu gyaran tsofaffin littattafai ke amfani da shi, ya fi dacewa da aikin da za a yi zane a kansa, domin ba ya sheƙi, yana ba da lokacin gyara zaman takarda kafin ya kama, kuma ana iya sassauta shi da ɗan ruwa ko bayan ya bushe. A ganina shi ya kamata mai koyo ya fara da shi.

Ga yadda ake dafa shi. A auna cokali ɗaya na sitacin alkama ko na rogo, a zuba masa cokali biyar na ruwan sanyi, a dama har gudaji su narke. A ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa ba tsayawa, har ya yi kauri kamar talge ya kuma sauya daga fari zuwa garai-garai, sannan a ci gaba da juyawa na kimanin minti goma. A sauke a bar shi ya huce sarai, a tace da rariya mai ƙananan idanu, a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ya riƙa bin buroshi ba tare da ɗiga ba. A dafa kaɗan, domin a zafin ƙasarmu yana tsami cikin kwana biyu ko uku idan ba a firji yake ba. Ƙaro, wanda malamai ke haɗa tawada da shi, yana kama siririyar takarda, sai dai yana tsagewa idan ya bushe da kauri, don haka amfaninsa a nan ya fi yawa a tawada. Salatif da gam ɗin masu gyaran takalma kuwa a nisanta su daga aikin baki ɗaya, dukansu suna barin tabo mai ruwan ƙasa da ke ratsa takarda, ba ya kuma fita.

Mataki na farko: zanen share fage

A jera butar da kofin a kan tebur kusa da taga, yadda haske zai zo musu ta gefe ɗaya inuwa ta faɗi a ɗaya gefen. Kafin a taɓa babbar takardar, a yi ƙananan zane uku ko huɗu a wata takarda dabam, kowanne bai wuce tafin hannu ba, ana neman abu biyu kawai: inda duhu ya taru da inda haske ya taru. Daga cikinsu a zaɓi ɗaya. Sannan a ɗauki fensir mai tauri a zana manyan siffofin a kan babbar takardar da hannu marar nauyi, wato gefen tebur, da cikin butar, da tsayin kofin. Kada a yi inuwa, kada kuma a gama komai. Wanda ya ƙawata zanensa a wannan mataki zai ji tausayin rufe shi, sai ya koma liƙa takarda a gefe-gefe inda ba ta da wani aiki.

Mataki na biyu: yanka da yagewa

Bakin takarda shi ma layi ne, kuma shi ne layi mafi ƙarfi a aikin, don haka yadda aka fitar da shi yana da muhimmanci kamar yadda aka riƙe fensir. Almakashi da reza suna ba da baki mai kaifi, wanda ya dace da gefen tebur da bakin kofi. Yagewa tana ba da baki mai laushi, wanda ya dace da inuwa da tururi. Takardar da aka yi da inji tana da fuskar da zarenta ya kwanta: idan aka yage ta bin wannan fuska sai ta tafi kusan miƙe, idan aka gitta sai ta tafi a karkace da haƙora. A gwada a ƙaramin guntu kafin a yage babba. Takarda mai launi a fuska ɗaya kuma, idan aka yage ta, ɓangare ɗaya yakan fito da farin baki siriri, ɗayan kuma ba shi da shi. Wannan farin bakin yana iya zama hasken da ke gefen buta ba tare da an zana shi ba. Idan ana son yage wata siffa takamaimai, a ja layinta da jiƙaƙƙen buroshi, a jira ruwan ya ratsa, sannan a ja a hankali.

Shawara mafi amfani a wannan mataki ita ce kada a yanka takarda daidai da siffar abin da aka zana. Idan aka yanko siffar buta cif aka liƙa a cikin layin buta, an yi aiki ɗaya sau biyu, takardar ta faɗi abin da layin ya riga ya faɗa. Maimakon haka a yanko dogon guntu na takardar siminti wanda zai rufe rabin butar ya zarce ya shiga teburin, ko guntun jarida da zai ratsa bayan kofin ya fito ta ɗaya gefen. Takarda ta ɗauki nauyin launi da duhu, layi kuma ya zo daga baya ya faɗi ko mene ne abin.

Mataki na uku: shimfiɗawa ba tare da gam ba

A ɗora guntayen a kan zanen a riƙa matsar da su. A fara da mafi girma, a bar ƙananan zuwa ƙarshe, kuma a tabbata an bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na farar takardar a buɗe, domin nan ne layi zai samu wurin tafiya. Mai zanen Faransa Henri Matisse, wanda ya koma ga yankan takarda bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, yakan sa mataimakansa su shafe takardu da fenti, shi ya yanka, su kuma su kafe guntayen a bango da allurai, ana cirewa ana mayarwa har sai ya gamsu. Ramukan alluran suna nan a jikin ayyukan har yau, shaidar yawan sauyin da aka yi kafin a kai ga gam.

Duk tsarin da ya yi kyau a ɗauki hotonsa da waya kafin a sauya shi, sannan a mayar da hoton baƙi da fari a duba. Idan duka guntayen suka fito da duhu iri ɗaya, aikin zai zama shimfiɗaɗɗe ba zurfi, sai a musanya ɗaya da mai duhu ko mai haske. Yana da kyau a bar tsarin ya kwana a sake kallonsa da safe, a danne shi da rula ko gilashi kada iska ta watsa shi. Da an yanke shawara, a sa ƙananan ɗigo da fensir a kusurwoyin kowane guntu, a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a ajiye bisa jerin da za a liƙa su, na ƙasa shi ne farko.

Mataki na huɗu: liƙawa

A kifa guntun a kan tsohuwar takarda, a shafa gam a bayansa daga tsakiya zuwa baki, har buroshin ya zarce bakin ya hau takardar da ke ƙasa. Gam ɗin ya zama siriri, ya kuma game ko'ina. Sai a dakata kamar minti ɗaya. Takarda tana buɗewa idan ta sha ruwa, kuma idan aka liƙa ta kafin ta gama buɗewa, za ta ƙarasa a kan aikin ta yi ƙunzugu-ƙunzugu da kumburi. Bayan ta saki jiki a ɗaga ta, a daidaita baki ɗaya da ɗigon fensir, a kwantar da sauran a hankali. A rufe da takarda mai tsabta a shafa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje don iska ta fita, gam ɗin da ya tsattsafo kuma a ɗauke shi nan take da tsumma mai ɗan danshi, ta hanyar dannawa ba gogewa ba. Kowane guntu a sauya masa takardar shafa gam, domin ta nan ne gam ke komawa fuskar aiki ba a sani ba.

Idan an gama, a shimfiɗa farar leda a kai na ɗan lokaci don kada wani abu ya manne, bayan kamar rabin sa'a a musanya ta da busassun takardu masu shan ruwa, a ɗora katako ko kwali, a danne da littattafai. Da hunturu gam yana bushewa a kan buroshi kafin a ankara, takarda kuma tana nannaɗewa, don haka a ɗan ƙara masa ruwa a kuma yi sauri a danne. Da damina akasin haka ne, a rage ruwan, a riƙa sauya takardun shan ruwan, a bar aikin a danne kwana biyu, in ba haka ba funfuna za ta iya kama shi. Kada a shanya shi a rana ko kusa da wuta. Kuma kada a fara zane sai ya bushe ƙayau, domin fensir yana huda takarda mai danshi.

Mataki na biyar: komawa da layi

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Yanzu abin da ke gaban mai zane guntaye ne uku ko huɗu da ba su yi kama da komai ba, da ragowar layin fensir da ke leƙowa a tsakaninsu. A koma a zauna gaban butar da kofin a sake kallonsu, a zana daga abin da ido ke gani, ba daga tunanin zanen farko ba.

A fara da layi ɗaya dogo wanda zai tsallake bakin takarda. Misali, a ɗauko layin cikin butar daga farar takarda, a hau da shi kan takardar siminti, a sauka ta ɗaya gefen ba tare da an ɗaga hannu ba. Gawayin zai ɗan yi tuntuɓe a bakin guntun ya bar ƙaramin tabo mai duhu, launinsa kuma zai sauya daga takarda zuwa takarda. A bar wannan yadda yake, domin shi ne ɗinkin da ke haɗa guntun da sauran aikin. Ya kamata kowane guntu ya samu aƙalla layi ɗaya da ya ratsa shi. Guntun da babu layin da ya taɓa shi zai riƙa zama kamar an manta shi a kan zanen.

Bayan haka a duba inda bakin takarda ya riga ya yi aikin layi. Idan miƙaƙƙen bakin baƙar takarda ya faɗi daidai inda gefen kofin yake, ba a bukatar a sake bin sa da gawayi, ya isa a zana ɗaya gefen kofin da da'irar bakinsa, ido zai ƙarasa sauran. Bin bakin kowane guntu da baƙin layi yana daga cikin abubuwan da ke kashe irin wannan aiki, saboda yana tsare kowace takarda a cikin shingenta. Sai a zaɓi wuri ɗaya ko biyu a yi abin da Braque ya yi wa aljihun teburinsa: ƙaramar alama da za ta sauya ma'anar guntu gaba ɗaya. 'Yan layuka masu lanƙwasa a kan guntun jarida suna iya mayar da shi shayin da ke cikin kofi, inuwa siririya a ƙarƙashin takardar siminti kuma tana iya mayar da ita faranti.

Inuwa tana da amfani biyu. Idan aka shafa gawayi a kan farar takarda dab da bakin guntu, guntun zai taso gaba. Idan aka shafa a kan guntun kansa daga baki zuwa ciki, zai koma baya, farar takardar ta taso. Ta haka mai zane yake yanke hukuncin abin da ke gaba da abin da ke baya, ko da kuwa gam ya riga ya jera su akasin haka. A kan baƙar takarda a yi amfani da farin alli ko farin fensir. Da kilina kuma ana iya fitar da farin layi daga cikin gawayin da aka shafa, amma a kan jarida a bi a hankali domin tana ɗauke rubutu tana kuma yage takardar. Tawada ita ce ta ƙarshe, kuma kaɗan: hannun buta, ko bakin kofi, wuraren da ake son ido ya fara sauka. Tawadar allo tana narkewa idan ta ji ruwa, saboda haka duk wanda zai sake liƙa wani abu bayan ya yi amfani da ita ya kiyaye kada gam ya taɓa ta.

Sau da yawa zanen zai nuna cewa akwai wurin da ke neman ƙarin takarda, ko wani layi da bai yi ba. A liƙa sabon guntu a kansa, a jira ya bushe, a sake zane. Zagaye biyu ko uku na liƙawa da zane abu ne da aka saba. Alamar tsayawa ita ce idan aka rufe kowane guntu da hannu sai a ga aikin ya rasa wani abu, idan kuma aka ƙaddara babu layukan sai a kasa gane buta daga kofi.

Ga mai son ƙara gaba

Masu zane na wannan zamani sun faɗaɗa hanyar ƙwarai. Wangechi Mutu, haifaffiyar Nairobi, tana haɗa guntayen mujallu da tawada a kan wata farar leda mai kauri wadda ba ta shan ruwa, sai tawadar ta taru ta bushe da tabo-tabo. Marcellina Akpojotor a Legas ƙyallayen atamfa da teloli suka zubar take ginawa da su, kuma wannan hanya ce da ke buɗe ga duk wanda ke da tela a unguwarsu, sai dai ƙyalle yana son farin gam da kwali mai ƙarfi. Njideka Akunyili Crosby, wadda aka haifa a Inugu a 1983 take kuma aiki a Los Angeles, tana juya hotunan iyali da na mujallun Najeriya zuwa kan takarda da sinadarin asiton, wato ruwan da ake goge fentin farce da shi, sannan ta bi su da fenti da gawayi da fensir mai launi.

Wannan dabara ta ƙarshe ana iya gwada ta a gida. A yi fotokwafin hoton da injin da ke amfani da garin tawada, domin na ruwa ba ya yi, kuma sabon kwafi ya fi saki. A kifa shi a kan takardar aiki, a jiƙa auduga da asiton a shafa a bayansa kaɗan-kaɗan, a goga da bayan cokali da ƙarfi kafin ya bushe. Hoton zai fito a juye, dama ta koma hagu, don haka idan akwai rubutu a juya shi tun a kwamfuta. Zai kuma fito dishi-dishi, wanda shi ne amfaninsa, domin fensir yana hawa kansa kamar babu komai a wurin. Asiton yana kama wuta da sauri kuma warinsa yana cutarwa, a yi aikin a waje ko a gaban buɗaɗɗiyar taga, nesa da murhu da yara.

Kariya da ajiya

Gawayi yana gogewa da ɗan taɓawa, saboda haka a fesa masa maganin riƙe gawayi da ake sayarwa a shagunan kayan zane. A tsayar da aikin, a fesa daga nisan kamar santimita 30, shafi biyu marasa nauyi da tazarar 'yan mintoci a tsakani, kuma a fara gwadawa a kan ragowar takardun domin yana sa wasu su yi duhu. Maganin feshin gashi da ɗalibai ke amfani da shi yana riƙewa na ɗan lokaci, amma yana rawaya daga baya. A bayan aikin a rubuta suna da shekara da kayan da aka yi amfani da su, har da irin gam ɗin, da fensir ba da biro ba.

Idan za a sa shi a firam, a sa kwali mai taga tsakanin aikin da gilashi don kada su haɗu, in ba haka ba gawayi zai koma jikin gilashin, danshi kuma ya manne takardar. A rataye shi a bangon da rana ba ta bugunsa, nesa da kicin. Wanda ba za a rataye ba a kwantar da shi a cikin jakar kwali, da farar takarda marar rubutu a tsakanin kowane aiki da na kusa da shi, a ɗora a kan kanta ba a ƙasa ba. Kyankyasai da gara suna cin sitaci, don haka a riƙa buɗe jakar ana dubawa, musamman daga farkon damina zuwa kaka.